Jiragen Yaƙi Masu Sulke a Kan Tebur: Jagora ga Mai Son Farawa a Karu

Jirgin ruwan yaƙi mai sulke bai yi dogon zamani ba. Faransa ce ta fara sako shi a teku a 1859 da jirginta Gloire, wanda jikinsa katako ne aka lulluɓe da farantan ƙarfe masu kaurin santimita 12. Shekara guda bayan haka Ingila ta mayar da martani da Warrior, shi kuwa gangar jikinsa ma ƙarfe ce, sannan aka ɗora masa sulke mai kaurin inci huɗu da rabi a kan katako mai kaurin inci 18. Katakon ba ado ba ne. Shi ne lifidi, ƙarfen shi ne sulke: ɗaya na tare kaifi, ɗaya na shanye nauyin duka. Kafin ƙarnin ya ƙare yayin ya wuce, wasu irin jirage suka gaje shi.

Cikin waɗannan shekaru talatin zuwa arba'in maƙeran jirage lalube suke yi, ba wanda ya san siffar da za ta ɗore. Wannan ya haɗa injin tururi da ƙyallen iska, wancan ya cire sanduna gaba ɗaya. Wani ya jera igwa a gefe, wani ya sa ta cikin ɗaki mai juyawa, wani ya maƙala wa jirgi ƙaho a goshi don tunkuyi. Rasha har ta ƙera mai siffar faifai, Novgorod, a 1873. Shi ya sa masu tara ƙananan jirage ke ƙaunar zamanin, domin da wuya ka sami biyu masu kama da juna. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi shafar mai zama a ɗaki da falo a Karu ko Jikwoyi. Jiragen Yaƙin Duniya na Biyu daga nisan kilomita ashirin suke harbin juna, ko ka ƙanƙanta su yaya tebur ba zai ɗauki filin ba. Masu sulke kuwa gab da gab suke faɗa, sau da yawa har jiki na gugar jiki. Falanki ɗaya ya ishe su.

Zaɓi yaƙi kafin ka zaɓi jirgi

Sabon shiga yakan ga hoton jirgi ya burge shi ya saya, gobe ya ga wani ya saya. Bayan shekara sai ya tarar da jirgin Faransa ɗaya, na Peru ɗaya, na Sin ɗaya, girmansu bai yi daidai ba, kuma ba waɗanda suka taɓa haɗuwa a tarihi. Ba su yi wasa ba, ba su yi kyan jeri ba. Abin da ake tarawa yaƙi ne guda, da ɓangarorinsa biyu, a ma'auni ɗaya. Ɓangarori biyun dole ne, saboda a nan abokin wasanka ba zai zo da nasa jiragen ba. Kai za ka ba shi aro har abin ya shiga ransa.

Mafi sauƙin farawa shi ne gumurzun Hampton Roads, lokacin yaƙin basasar Amurka. Ranar 8 ga Maris 1862 jirgin 'yan Kudu, Virginia, wanda aka gina a kan ragowar wani ƙonannen jirgi mai suna Merrimack, ya afka wa jiragen katako na 'yan Arewa. Ya tunkuyi Cumberland ya nutsar da shi, ya ƙone Congress, ya bar Minnesota a kafe cikin yashi da niyyar dawowa da safe. Da ya dawo sai ya tarar da Monitor, ƙirar John Ericsson, a tsaye kusa da Minnesota. Sun yi kusan awa huɗu suna dukan juna ba wanda ya huda wani. Jirage uku kacal sun isa a sake wannan rana a kan tebur.

Mai son rundunoni sai ya dubi Lissa, 20 ga Yuli 1866, inda Tegetthoff na Ostiriya da jirage masu sulke 7 ya karya lagon Persano na Italiya mai 12, Ferdinand Max ya tsaga Re d'Italia da ƙaho ya nutsar da shi. Wannan aikin shekaru ne, ba na farawa ba. Yaƙin Peru da Chile na 1879 yana tsakiya: jirage kaɗan, labari mai yawa, da Huáscar wanda aka kama a Angamos ranar 8 ga Oktoba bayan an kashe kwamandansa Miguel Grau. Wanda kuma ya fi son abin da ya faru a nahiyarmu, akwai luguden wutan da jiragen Ingila suka yi wa ganuwar Iskandariyya ranar 11 ga Yuli 1882, zamanin boren Ahmad Urabi. A nan ɓangare guda jirage ne, ɗayan ganuwa da igwa a bakin gaɓa, wanda ya sa rabin aikin da kwali da yumɓu za a yi shi. Daular Usmaniyya ma ta tara masu sulke da yawa zamanin Sarki Abdul'aziz, kuma masu ƙera ƙananan jirage ba su manta da su ba.

Ma'auni

Lissafin ba wuya. Idan an ce 1:600, ana nufin an raba tsawon jirgin na gaske gida 600. Warrior mai tsawon mita 128 zai zama santimita 21 da ɗoriya a 1:600, kusan 11 a 1:1200, 5 da 'yan kai a 1:2400. Monitor mai mita 52 da wani abu bai kai santimita 9 ba a 1:600, a 1:2400 kuwa ɗan mitsitsi ne da zai ɓace a ƙarƙashin kujera.

Ni a ganina, jiragen kogi da na bakin gaɓa irin na Amurka 1:600 ya fi musu, domin a nan ne ake ganin ƙofar igwa, da layin farantai, da ƙaramin kwalekwalen da ke ɗaure a gefe. Manyan rundunoni irin na Lissa sai 1:1200 ko 1:2400, in ba haka ba sai ka kwashe kujerun falo. Masu tarawa don ado kawai sukan bi 1:1250, ma'aunin da kamfanonin Jamus suka daɗe a kansa. Bambancinsa da 1:1200 ido ba ya kamawa, ana iya jera su tare. Abu ɗaya kuma: jirgin wasa ana yanke shi daga iyakar ruwa, ƙasansa a shafe, don ya zauna daram a kan tebur kamar yana cikin ruwa. Mai cikakken ciki da farfela na ɗorawa kan kanta ne. Ka duba wannan kafin ka biya kuɗi.

Saye daga waje

Kayan da aka ƙera musamman domin wannan sha'awa daga Turai da Amurka suke zuwa. A 1:600 sunaye biyu aka fi ji, Thoroughbred na Amurka da Peter Pig na Ingila, wanda ke da littafin dokokin wasa mai suna Hammerin' Iron. Langton na yin 1:1200 masu kyan gaske, Tumbling Dice na yin 1:2400, Navwar na yin ƙanana masu araha. Galibinsu da farin ƙarfe ake zuba su, wasu da rezin, kuma ba fenti suke zuwa, guntu-guntu a leda.

Kuɗin jirgin kansa ba shi ne matsala ba. Kuɗin aikowa da canji da abin da za a biya kwastan su ne ke ninka farashi, ƙarfe kuma nauyi gare shi. Dabarar ita ce kada a yi odar ɗaya-ɗaya. A rubuta duk jiragen yaƙin da aka zaɓa, a haɗa kai da mutum biyu ko uku, a yi oda guda mai lambar bibiya, ko a jira ɗan'uwa mai dawowa ya sako su a jaka, tunda rundunar 1:2400 gaba ɗaya ba ta cika gwangwanin madara ba. Hanya ta biyu ita ce sayen fayil ɗin siffar jirgin ta intanet, a shafuka irin Wargame Vault inda ake sayar da dokokin wasa ma, a kai wa masu na'urar 3D a cikin Abuja su fitar. A nan ka nemi mai injin rezin. Injin da ke narka zaren roba yana barin layi-layi a jiki, a kan jirgi mai santimita 5 kuwa layin zai haɗiye duk ƙananan sassa.

Gargaɗi guda da bai kamata a yi wasa da shi ba: wasu daga cikin jiragen farin ƙarfe, musamman tsofaffi, akwai dalma a cikinsu. Kada a goge su da magagari a inda ake cin abinci, a wanke hannu bayan aiki, kada a bar yaro ya kai baki. Kuma kada dabara ta kai mutum ga narka dalmar tsohon batirin mota don ya zuba nasa jiragen a tsakar gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu.

Monitor daga tsohon katin banki

Kafin ka tura ko sisi waje, ƙera Monitor da hannunka. Jirgi ne da kusan ba shi da komai a sama, shimfiɗaɗɗen doro ne da ɗakin igwa a tsakiya, kuma akwai wata dacewa mai daɗi a lissafinsa. Doron Monitor ya ɗara ruwa da kimanin inci 18 ne kawai. Raba wannan gida 600, sai ka sami milimita 0.76, wanda shi ne kaurin katin cirar kuɗi na banki. Tsawon katin milimita 85 da rabi ne, jirgin na bukatar 87, don haka ka ɗan karkata zanen zuwa kusurwa, zai shiga.

Nemo katin da ya daina aiki, marar lambobi masu tudu in da hali. Zana siffar a takarda tukuna: tsawo milimita 87, faɗi 21 a tsakiya, gefuna a miƙe, goshi da baya duka masu tsini kamar ganyen darbejiya mai ƙiba. Ninka takardar biyu a tsaye kafin ka yanke don ɓangarorin su yi daidai. Ɗora a kan katin, ka kauce wa ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya, ka bi layin da sabuwar reza sau biyar ko shida a hankali maimakon dannawa da ƙarfi sau ɗaya, sai ka lanƙwasa ya ɓalle. Goge fuskar da sanfefa mai laushi har sheƙin ya tafi, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Sannan da rula da bakin allura ka ja layuka marasa zurfi, a tsaye da a kwance, su zama mahaɗar farantai. Kada su yi yawa. Tazarar milimita 3 ko 4 ta isa.

Ɗakin igwa guntun sanda ne ko bututun roba mai faɗin milimita 11 da tsayin 4 da rabi. In bututu ne, rufe samansa da ragowar katin. Huda ƙofofi biyu dab da juna a gefe ɗaya, domin igwa biyu yake ɗauke da su, masu bakin inci 11, a jere. Guntun waya ya leƙo daga ƙofa ɗaya ya wadatar. Kada ka manne ɗakin da gam. Soka ƙaramar ƙusa ta ƙasan doro ta shige cikinsa, yadda zai riƙa juyawa lokacin wasa. Can kusa da goshi sa ɗan murabba'i mai milimita 2, ɗakin matuƙi ke nan, inda harsashi ya fashe ya rufe wa kwamanda John Worden ido. Bututun hayaƙi ba dole ba ne, don ranar faɗan an sauke su. Aikin yamma guda ne.

Virginia sai da katako. A wajen kafintocin Kugbo, ko kowane shagon kafinta a hanyar Karshi, guntayen da suke sharewa sun fi ƙarfin bukatarka. Nemi obeche, don yana yankuwa da wuƙa ba ya tsagewa. Tsawon jirgin santimita 14 ne, faɗi 2 da rabi da ɗan ɗori. Abin da ake gani a sama rumfa ce doguwa mai kusan santimita 9, bangonta a kishingiɗe, kusurwoyinta a zagaye, da ƙofofin igwa huɗu a kowane gefe da wasu a gaba da baya, da bututun hayaƙi guda a tsakiya. Kishingiɗar bangon ita ce ran jirgin, digiri 36 ce, ita ta riƙa zamar da harsasan Monitor. Ka yanka kwali mai wannan kusurwa ka riƙa gwadawa kana gogewa. Goshi da baya kusan a nutse suke cikin ruwa, don haka siririn kati ya ishe su. Katako na shan fenti kuma zarensa na fitowa, sai a shafe shi da gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa, ya bushe, a goge, a maimaita. In akwai rami, ɗan bodi-fila na masu gyaran jikin mota yana toshe shi.

Sauran kayan aiki duk suna kusa. Matsefata mai siririn baki da fitila mai gilashin ƙara girma kayan masu gyaran wayar hannu ne, ana samun su a Banex da duk inda ake sayar da kayan waya. Zaren da ke cikin wayar birkin keke yana yin sanduna da igwa. Baƙin zaren tela, in an ja shi a kan kyandir don gashinsa ya kwanta, shi ne igiyoyin jirage irin Minnesota.

Fenti

Jirgin ƙarfe ko na rezin a fara wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, saboda maiƙon da ke fitowa da shi daga mazubi. A kankare ɗan layin da mazubin ya bari. A manne sassa da gam mai kamawa nan take, ɗigo kaɗan a bakin tsinken sakace. Da damina in ya yi yawa yakan bar farin hazo a kewaye. Sai fentin shimfiɗa mai ruwan toka, na gwangwanin feshi irin na masu fentin mota, daga nisan taƙi guda, shafa biyu marasa kauri. Da hunturu a yi feshin cikin kwali, da sassafe kafin ƙura ta tashi, a rufe kwalin nan da nan.

Fentin da ake tsinkawa da ruwa, akirilik, shi ya fi. Vallejo da Tamiya su ne na masu wannan sana'a, amma na masu zane da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta yana yi in an tsinka shi sosai an yi shafa uku. Iskar hunturu na busar da shi a kan buroshi tun bai kai jikin jirgi ba. Maganinsa faranti, da jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu, da takardar gashin kek a sama. A kanta ake zuba fentin, ya yini bai bushe ba.

Kada a yi wa ƙaramin jirgi baƙi wuluk ko da na gasken baƙi ne, don komai zai ɓace. A sa toka mai duhu, sannan a tsinka baƙi da ruwan ƙasa har ya zama kamar ruwan shayi a kwarara a kansa, ya shige cikin layuka. In ya bushe, a ɗebi toka mai haske a buroshi, a goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, a riƙa shafar gefuna da shi sama-sama. Nan take farantai za su fito. Launi kuwa a bi tarihi: a Lissa jiragen Italiya toka ne, na Ostiriya baƙaƙe, na Ingila a zamanin Sarauniya Victoria baƙin jiki, farin sama, bututun hayaƙi ruwan ƙwai mai duhu. Tsatsa kaɗan ake sa wa. Sojan ruwa ba shi da aikin da ya wuce goge jirgi, kuma Monitor ko wata ɗaya bai yi a bakin aiki ba ranar da ya gamu da Virginia.

Kowane jirgi a ɗora shi kan ɗan matashi na roba ko siririn filawud wanda ya fi shi da santimita guda ta kowane gefe, a yi masa launin ruwa da farin kumfa a goshi da baya, a rubuta sunansa a ƙarshe. Matashin ne za a riƙa kamawa, ba jirgin ba. A rufe aikin da banish marar sheƙi.

Wasan kansa

Wannan wasa ya girmi kakanninmu. Fred T. Jane, wanda ya fara fitar da kundin jiragen yaƙi na duniya a 1898, ya tsara wasan jirage a wannan shekarar. Fletcher Pratt a birnin New York ya yi nasa a shekarun 1930, a ƙasa ake shimfiɗa shi a babban zaure, da jirage na 1:600. Mafi yawan dokokin yau da ƙwaya irin ta ludo ake yin su, kuma na san da dama daga cikin masu karatu ba za su taɓa ta ba, saboda hadisin da ya yi hani ga wasan nardu, wanda malamai da yawa suka shigar da duk wasan jefa ƙwaya ƙarƙashinsa. To tsarin Pratt ba ya bukatar ƙwaya sam. Mai harbi yana ajiye kibiyar takarda a gefen jirginsa tana nuna abokin gaba, ya kintaci nisan da ido ya rubuta, alƙali ya zo da tef ya auna. In kintacen ya faɗa kan jirgi an same shi, in ya gaza ko ya zarce ruwa ya sha. Gwaninta ce zalla. Jiragen kuma ba siffar mai rai ba ne, don haka jera su a falo bai tayar da maganar hani ga siffofin masu rai ba.

Ga yadda za a iya tsara Hampton Roads a gida. A shimfiɗa yadi marar zane, shuɗi mai duhu ko kore-kore, a kan filawud mai ƙafa 4 da 8. A yanka takardar buhun siminti a baza nan da can a matsayin tudun yashi, a ɗora Minnesota a kan ɗaya. Virginia na bukatar zurfin ƙafa 22, don haka ba ta hawa takarda. Monitor rabin haka yake bukata, yana wucewa. Kowane zagaye 'yan wasa su rubuta tafiyarsu a ɓoye, sannan a motsa tare. A ba Virginia santimita 10 da juyi ɗan kaɗan, domin ta gaske sai ta yi fiye da rabin awa kafin ta juyo. A ba Monitor 12 da juyi yadda ya so, amma harbi zagaye ɗaya a tsallake ɗaya, tunda ɗura igwarsa na cin minti bakwai zuwa takwas, kuma kada ya harba ta kan ɗakin matuƙinsa. Kowane jirgi da katinsa mai gidaje: sulke, igwa, injin, bututun hayaƙi, matuƙi. Dukan da ya sami mai sulke daga nesa a bar shi a banza, na kusa ya soke gida ɗaya. Minnesota kuwa katako ce, kowane duka na cinta.

Sharaɗin nasara shi ne ke raya wasan. In aka ce sai wani ya nutsar da wani, za a kwana ana buga ƙarfe da ƙarfe. A ce Virginia tana da zagaye 12 ta hallaka Minnesota kafin ruwa ya janye, Monitor kuma aikinsa ya hana. Sai ka ga mai Virginia yana tunanin ko ya ɓata zagaye uku wajen juyowa don tunkuyi, mai Monitor yana cusa kansa tsakani. Ɗan curin auduga da aka shafa wa toka a ajiye gaban duk igwar da ta harba, don a san wadda ke jiran ɗuri.

Ƙura, zafi da gara

Mazaunin Karu ya san ƙurar da ke tashi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Jirgi mai sanduna da zare in ta kwanta masa ba ya goguwa, sai dai a bi shi da buroshin kwalliya mai laushi, kuma kowane bi yana iya tsinka igiya. Saboda haka ba a barin su a fili ko na kwana ɗaya. Masu haɗa tagogin alminiyum suna yin shogilas daidai awon da ka ba su. Ka ce a sa roba a bakin ƙofa, a yi kantocin da gilashi, tazarar santimita 12 tsakaninsu ta isa. Fitila ta zama LED, don mai zafi na lanƙwasa rezin. Kada kabad ɗin ya fuskanci taga, rana na cin launi. Da damina a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa shanya su a rana lokaci-lokaci. Kabad ɗin katako a ɗaga shi daga ƙasa a janye shi daga bango saboda gara, kyankyaso kuma yana cin tutar takarda da gam ɗin kafinta.

In za a kai su gidan aboki a Nyanya ko Mararaba, a manna siririn maganaɗisu a ƙarƙashin kowane matashi a jera su cikin gwangwanin biskit, ba za su motsa ba ko a bayan Keke Napep. Gwangwanin ya zauna a cinya ko a ƙarƙashin kujera. Robar da injin 3D ke narkawa tana fara laushi wajen digiri 60, but ɗin mota kuwa a cunkoson gangaren Kugbo cikin watan Maris ba ya nesa da haka.

Jeri mai kyau yaƙi-yaƙi ake yin sa, ɓangarori na fuskantar juna, da ɗan kati mai sunan jirgi, ƙasarsa, shekararsa da makomarsa. Baƙo ya fi tsayawa a kan makoma. Virginia mutanenta ne suka tarwatsa ta a watan Mayun 1862 don kada a kama ta. Monitor guguwa ce ta nutsar da shi a ranar ƙarshe ta wannan shekarar, aka ciro ɗakin igwarsa a 2002. Warrior na nan a Portsmouth, Huáscar a Talcahuano, ana shiga kallo.

Kogin Kwara

Ba a yi gumurzun masu sulke a ruwanmu ba, amma jiragen ƙarfe sun shigo tun kafin a haifi Gloire. A 1832 Macgregor Laird da Richard Lander suka hau Kwara da jirage biyu masu tururi, Quorra da Alburkah, na biyun jikinsa ƙarfe ne, tsawonsa kimanin mita 21. Gidan su Laird ɗin nan na Birkenhead su ne daga baya suka ƙera Huáscar. A 1854 Baikie ya shiga Binuwai da Pleiad. A 1857 Dayspring, da Samuel Ajayi Crowther a ciki, ya daki dutse a Jebba ya lalace. A 1897 kuma, lokacin da Kamfanin Neja ya yaƙi Bida da Ilori, jiragensa masu ɗauke da bindigogi ne suka tsare kogin don hana rundunonin Nupe haɗuwa. A kan Nilu ma haka aka yi a Omdurman a 1898, da jirage irin Melik.

Jikin ƙarfe daban, sulke daban, don haka kada a jera waɗannan cikin sahun su Warrior, kantarsu daban. Katinsu kuma ya faɗi abin da suka zo yi, ciniki da leƙen hanya da farko, mamaya daga baya. Kamfanonin waje ba su cika damuwa da su ba, sai dai mutum ya nemo tsofaffin zane-zanen da ke cikin littattafan matafiyan ya ƙera da kansa. A 1:600 Alburkah santimita 3 da rabi ne: guntun obeche, ƙafafun tuƙi biyu a gefe da za a yanko daga murfin biro, dogon bututun hayaƙi siriri, da rumfar yadi a baya. Kwalekwalen yaƙi na Nupawan Kede, masu riƙe da kogin a wancan zamani, tsinken ashana da aka fere ya yi su, a yi guda goma sha biyu ko fiye. Yadin teburin a nan ruwan ƙasa ne, kuma tudun yashin ya fi na Hampton Roads yawa, musamman in da rani aka sa labarin.